Akwatin da Na Bari a Gona Ranar Juma'a

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da zan rubuta tun kafin in sami ƙarfin halin ɗaukar biro. Ku 'ya'yana, kun tashi kuna jin ana cewa babanku ne ya ceci Isuhu daga hannun 'yan sa-kai. Kwanaki na ji ɗan'uwanku Sani yana ba abokansa labarin a ƙofar gida, har da ƙarin gishiri, wai na ture mutane na shiga tsakiya ina daka tsawa. Ina kwance a zaure ina jinsa, ban katse shi ba. Yanzu da ciwon ƙirjin nan ya zaunar da ni, gara ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Bokona bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Kun san kakanku, Baba Liman. Shi ne limamin Juma'ar garinmu a nan ƙasar Bagwai, kuma babu wani mai gemu a ƙauyukan kewaye da bai taɓa durƙusawa a gabansa da littafi ba. Ni ne ɗan da karatu bai zauna masa ba. Da na sauke Alƙur'ani da ƙyar, sai ya tura ni Kano in koyi gyaran rediyo da lasifika. A shagon maigidana ne wani makaɗi ɗan kudu, wanda yakan kawo mana amfilifaya gyara, ya ba ni wani ɗan ƙarfen busa da suke kira hamonika. Bai fi tsawon tafin hannu ba, yana da ramuka a jere. Idan ka hura ya ba da murya, idan ka ja numfashi ya ba da wata. Ranar da na fara sa shi a baki na san na gamu da abin da zai wahalar da ni, domin a gidanmu ko fito yaro ya yi sai an zare masa ido. Na dawo gida na yi aure, aka ba ni ladanci saboda ina da dogon numfashi kuma ni na san kan na'urar masallaci. Hamonikar nan kuwa tana cikin aljihun 'yar-cikina shekara da shekaru. Hannun da nake toshe kunne da shi in kira salla, shi nake rufe ta da shi in busa a bukkar gona, a hankali, ina leƙen hanya.

Gemuna ya fara furfura lokacin da na ci karo da akwatin. Na shiga Kano sayen waya ta masallaci, sai na gan shi a tsibin kayan gwanjo. Baƙi ne, faɗinsa kamar faranti, da feda a jere da ake takawa da ƙafa, da maɓallan murɗawa, da ɗan gilashi mai nuna lamba da jar wuta. Mai kayan ya ce na masu kaɗa jita ne, yana sauya musu sauti. Na ce a raina, abin da ya sauya muryar tsirkiya zai sauya ta busa. Na kai shi bukkar gona, na haɗa shi da batirin mota da ƙaramin farantin sola. Sai in haɗa hamonika da makirufo a cikin tafin hannuna in rufe su ruf, waya ta tafi cikin akwatin, daga akwatin kuma ta zo abin da nake sa wa a kunne. Babu mai ji sai ni.

Ban iya karanta Turancin da ke jikinsa ba, da kunne na koye shi. Kowace lamba da halinta. Akwai wadda take sa ka ji kamar kana busa a cikin rijiya mai zurfi. Akwai wadda take maimaita abin da ka busa, yana raguwa yana raguwa har ya ɓace. Wata ta sauke muryar ƙasa ta koma kamar kukan bijimi, wata ta sa mata kaushi kamar ana yaga buhu. Kana iya ɗora wannan a kan wannan. Akwai kuma feda guda wadda idan ka taka ta, akwatin ya riƙe abin da ka busa ya yi ta juya shi shi kaɗai, ko da ka cire bakinka. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ƙara. An yi akwatin ne don jita, makirufo kuwa komai yake kwasa, saboda haka sai na rage ƙarfin shiga sosai, in ba haka ba ya tsandara ihu a kunnena. Tun ina yaron shago na san doka guda: ba a barin makirufo yana fuskantar lasifika, domin abin da ya fito shi zai sake shiga, ya fito da ƙarfi, ya sake shiga, ba iyaka. Na koya wa yara da yawa wannan dokar a masallaci.

A shekarar da nake ba ku labari, tsoro ya riga ya zauna a ƙasarmu. Labarin 'yan bindiga da muke ji daga nesa ya matso har ƙauyukan da muke cin kasuwa tare. Kullum da abin da za a ce: sun shiga gari kaza a kan babura, sun kora shanu, sun tafi da mata. Mu nan gona ta haɗe da gona, gari yana jin kiran sallar gari, da can muna ganin wannan shi ne tsaronmu. Amma da damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, sai kowace hanya ta zama lungu. Idan babur ya wuce da gudu, mace ta saki taɓarya. Samari suka kafa 'yan sa-kai, Ɗan'asabe maharbi ya zama shugabansu, suka yi ta yawo da adaka da gora. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane kuwa ita ce infoma. Kowa ya yarda ɓarayin nan ba sa shiga gari sai da ɗan gari.

A cikin wannan hali Isuhu ya zo mana. An ƙone ƙauyensu a can yamma, ya taho da matarsa da 'ya'yansa mata da tukunya a ka. Maigari ya ba shi kango a bakin gari, Baba Liman ya ba shi aron 'yar gona wadda ta yi iyaka da tawa. Mutum ne mai ƙarancin magana, mai yawan waige. Wata rana ya leƙo bukkata neman ruwa ya same ni da waya a kunne, ido rufe, ina busa. Na daskare. Shi kuwa ya tsuguna ya ce in ba shi ya ji. Na sa masa, na busa masa ta rijiyar nan. Tun zuwansa garin ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar.

"Ladan, ashe aljani ka ɗaure a akwati kana ba mu tsoro da wa'azi."

"Ka rufa mini asiri, Isuhu. Idan Baba ya ji, na mutu."

"Wa zan gaya wa? Wa yake zama da ni a garin nan in ba kai ba?"

Daga ranar, idan rana ta take, yakan shigo bukkar mu raba abin kunnen, ɗaya nasa ɗaya nawa.

Da dawa ta fara ido sai tsuntsayen jan-baki suka sauko. Ku ba ku ga irin na shekarar ba. Sai ka ga gajimare ya taso daga fadama, kafin ka ɗaga murya ya sauka a kan gonarka. A da yara ake sa wa su yi ta kaɗa gwangwani, to yanzu babu uwar da za ta bar ɗanta ya wuni a cikin dawa. Sai dabara ta zo mini. Ina da tsohuwar lasifika mai bakin kakaki da ƙaramar amfilifaya da na gyara. Na ɗaure lasifikar a reshen gawon da ke tsakiyar gonata, na haɗa ta da akwatin. Na zaɓi muryar bijimi, na ɗora mata kaushi da maimaici, na yi wata muguwar busa gajere, na taka fedar da ke riƙewa. Na rage ƙarfin yadda ba zai wuce gonata da ta Isuhu ba. Tsuntsaye suka watse. Kwana da kwanaki ina yi, duk wanda ya ji daga nesa ya ɗauka injin ban-ruwa ne. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har ina ganin na mayar da zunubi abin amfani.

Ran Juma'a na makara a gona. Na ɗaga kai na ga rana ta kusa tsakiya, ga shi ni ne zan yi kiran farko. Na bar akwatin yana juyi, na rataye makirufo a jikin sandar bukka ban cire wayarsa ba, na hau keke na zuba gudu. Isuhu yana kwance a ƙarƙashin gawon, zazzaɓi ya hana shi zuwa masallaci, ya ce gida zafi, a nan zai sha iska.

Baba yana tsakiyar huɗuba muka fara ji. Idonsa ya riga ya tafi a lokacin, da ka yake yi, yana dafe da sanda. Da farko wani gurnani ne can ƙasa-ƙasa daga wajen gonaki. Sai ya ƙaru. Sai ya zama kamar babura masu yawa sun taso a jere, wani na bin wani, a tsakani kuma wani abu yana fashewa, tau, tau. Masallaci ya yi tsit. Wani daga sahun baya ya ce, "Sun zo!" Ban taɓa ganin maza sun tashi irin wannan tashin ba. Aka tattake takalma, aka tattake tsofaffi. Duk mazan garin da na ƙauyukan kewaye suna nan, gidaje babu kowa sai mata da yara, kuma kowa ya san irin wannan lokacin ɓarayin suke so. Kururuwar mata ta tashi ta ko'ina. Wasu suka haura katanga, wasu suka faɗa cikin dawa da goyo. Ni ma na gudu. Sai da na kai bakin rijiyar gari na tsaya, domin a ƙarƙashin gurnanin na ji busata. Iska ta juya makirufo ya fuskanci lasifika, akwatin ya yi ta cin abin da ya amayar. Ina nan tsaye sai sautin ya yanke.

Babu ɓarawo ko ɗaya. Amma kafin a gane haka an yi ɓarna. Yara sun ɓace a cikin gonaki ana ta kiran sunayensu. Inna Tabawa, mahaifiyar Ɗan'asabe, ta faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ƙashin ƙugunta ya karye. 'Yan sa-kai kuwa da suka bi inda sautin ya fito, sai suka yi kiciɓis da Isuhu yana fitowa daga cikin dawa, rungume da baƙin akwati mai wayoyi a tsinke. Shi ne ya rarrafa ya fizge wayoyin, ya ɗauko akwatin zai ɓoye mini shi.

Lokacin da na isa ƙofar gidan maigari sun ɗaure shi a jikin dalbejiya. Rigarsa ta yage, leɓensa ya fashe. An ajiye akwatin a kan turmi, mutane sun yi masa da'ira daga nesa kamar zai tashi. Wani ya ce oba-oba ce, da ita yake magana da ɓarayin. Wani ya ce ga lasifika can sun gani a kan gawo, gwaji yake yi ya ga ta inda mata za su gudu. Aka ce shi kaɗai ne namijin da bai zo Juma'a ba. Aka ce dama baƙo ne, wa ya ga ƙauyen nasu da aka ƙone? Isuhu yana ta rantsuwa, amma bai ambaci sunana ba. Sai da Ɗan'asabe ya ɗora masa bakin adaka a wuya.

"Na wane ne in ba naka ba?"

Isuhu ya ɗaga kai ya nemo ni a cikin taron.

"Na Ladan ne. Na korar tsuntsaye ne. Ku tambaye shi, ga shi nan."

Duk aka juyo. Ɗan'asabe ya tako har gabana, idonsa jajir, an ce yanzu ya baro uwarsa tana ihu.

"Ladan, ka ji abin da ya ce. A gonarka aka sami lasifikar. Ka san wannan abin?"

Na ga gorori. Na ga jinin da ke gemun Isuhu. Na tuna Baba yana zaune a zauren maigari, an kawo shi ya huta, kuma kunnensa ya fi na kowa. Sai na girgiza kai. Na ce:

"Ni ina masallaci. Kowa ya gan ni a sahun gaba."

Babu ƙarya a cikin kalmomin, shi ya sa suka fito da sauƙi. Wani ya ce, "Kun ji ko? Har ɗan Liman zai shafa wa kashin kaji!" Ɗan'asabe ya koma, ya sa aka kwance hannun Isuhu na dama aka ɗora a kan saiwar bishiyar, ya ɗaga gindin bindiga. Na ji ƙarar. Ban kalla ba, amma na ji.

Maigari ya fito yana roƙo a bar wa hukuma. Samari suka ce a'a, yau za a kai shi rafi. Kowa ya san wanda aka kai rafi ba ya dawowa. Da ƙyar maigari ya samu suka yarda a bari a yi sallar la'asar tukuna, yana ta latsa waya yana neman wanda zai zo.

Na tafi gida kamar wanda aka yi wa duka. Na sami mahaifiyarku Hajara a tsakar gida tana cire ƙaya daga ƙafarta, zaninta duk ƙasa. Ta biyo ni ɗaki ta saki labule.

"Malam, an ce baƙin akwati ne mai jan ido."

"Haka aka ce."

"Ba shi ne nake ɗagawa in share ƙarƙashin gado da rani ba?"

"Ki rufe bakinki, Hajara. So kike a kashe ni? Ba ki ga idon Ɗan'asabe ba."

"Zan rufe. Shekara nawa ina rufewa? Kana tsammani ban san abin da ke aljihun 'yar-cikinka ba, ni da nake wanke ta?"

Na zauna a bakin gado. Na ce mata hukuma za ta zo, maigari yana waya. Na ce ko na faɗa ba za su yarda ba. Na ce Baba ba zai rayu da wannan kunyar ba. Ta bar ni na gama.

"Matar Isuhu tana ɗakin girkina da 'ya'yanta, nan ta gudo don ta ce gidan abokin mijinta ne. Na ba ta fura ta kasa sha. In ka fita sai ka bi ta gabanta. Kuma ka duba inuwa, Malam. Wa zai kira la'asar ɗin?"

Sai lokacin abin ya faɗo mini. Ni ne ladan. Muryata suke jira.

Na bi ta gaban ɗakin girkin kaina a ƙasa. A hanya na yi tunanin in ɗauki keke in nufi Kano. Na yi tunanin in ce na'urar masallaci ta lalace, sai na tuna ko babu lasifika wani zai hau katanga ya kira. Na shiga ɗan ɗakin da na'urar take, na kunna, na ɗauki makirufo. Na sa yatsa a kunne yadda na saba. Na buɗe baki, kabbara ta ƙi fitowa. Numfashina kawai ake ji a saman hasumiya, yana fita yana shiga. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na sani shi ne na fi tsoron in gama kiran sallar nan fiye da gorar Ɗan'asabe, kuma wannan ne kaɗai ya sa na yi magana. Ba jarumta ba ce, wani tsoron ne ya danne wani.

"Jama'a, Habu Ladan ne. Akwatin nan nawa ne. Lasifikar tawa ce. Ni na bar su a kunne. Ƙarya na yi muku ɗazu."

Kafin in fito harabar ta cika. Sun jawo Isuhu, sun ɗauko akwatin. Na zaci da na faɗa shi ke nan, ashe ba haka ba ne. Ɗan'asabe ya shaƙe wuyan rigata.

"Ɗazu ba ka sani ba, yanzu ka sani? Ko dai da kai ake yi? Wannan abin ne zai yi kukan babur da harbi? Mu za ka mayar yara?"

Na ce a ba ni dama in nuna musu. Na sa hannu a aljihu na fito da hamonikar, a gaban mutanen da suka yi shekaru suna bin kirana. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Busa a harabar masallaci?" Hayaniya ta tashi. Sai aka ji sanda tana buga ƙasa. An kawo Baba yana zaune a kan buzunsa a bakin ƙofa. Bai juyo wajena ba.

"Ran mutum ne a ɗaure a gabanku. A ba shi abin da yake nema."

Na jawo amfilifayar masallaci da batirinta zuwa bakin ƙofa. Na fere wayoyin da Isuhu ya tsinke da haƙorina, na murɗa su. Jar wutar ta kama. Amma abin da na busa wa tsuntsaye ya goge tun da aka yanke wuta, lambar kuma ta koma ta farko. Ban lura ba. Na rufe hamonika da makirufo a tafin hannu, na hura. Sai ga muryar rijiyar nan mai daɗi ta fito ta saman hasumiya, siririya, tana rawa, ta bazu a kan gari. Wani yaro ya yi dariya. Ɗan'asabe bai yi ba. Na ji ya ɗana adakarsa.

"Waɗannan ne baburan?"

Na ce a dakata. Na shiga taka feda, lamba tana wucewa, gumi yana shiga idona ban iya ganin gilashin sosai. Na busa, ba ita ba. Na sake takawa na busa, ba ita ba. Da'irar tana matsowa, ina jin warin gumin mutane. Can sai muryar bijimi ta fito. Na murɗa kaushi, na murɗa maimaici har ƙarshe, na tattara ɗan numfashin da ya rage mini na yi muguwar busar, na taka fedar riƙewa. Na cire bakina, na ɗaga hannuwana su ga ba ni nake yi ba. Sautin yana juyi shi kaɗai. Sannan na ɗauki makirufo na miƙa shi sama, saitin lasifikar masallaci.

Gurnanin ya taso daga ƙasa. Ya ninka kansa, ya sake ninkawa, baburan suka jeru, fashewar ta fara. Mutane suna kallon akwatin da idonsu, amma wasu suka kwanta a ƙasa, mata a bayan katanga suka sake kurma ihu. Na fizge wayar. A cikin shirun da ya biyo baya babu abin da ake ji sai nishin Isuhu. Ɗan'asabe ya daɗe yana kallona. Ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari guda, na faɗi a kan amfilifaya. Sannan ya zare wuƙa ya yanke wa Isuhu igiyar da kansa, ya juya ya tafi wajen uwarsa. Wani ne ya kira la'asar ranar, a makare.

Inna Tabawa ba ta sake tafiya da ƙafarta ba har ta koma ga Allah. Na je na durƙusa mata, ta ce ƙaddara ce, ɗanta kuwa ya tashi ya bar ɗakin. Baba bai yi mini magana ba sai bayan kwanaki. Ya aika aka kira ni, ya sa na zauna kusa har gwiwata tana taɓa tasa.

"Habu, busar nan na daɗe da sani. Makaho ba kurma ba ne, kuma gonarka ba Makka take ba. Na bar ka da Ubangijinka, ina yi maka addu'a. Amma ina zaure na ji an tambaye ka, na ji amsar da ka bayar. Wanda ya ce yana masallaci don a karya hannun maƙwabcinsa, ba zai ƙara kiran mutane masallacin nan ba ina raye. Kawo makullin."

Na ba shi. Ya laluba ya kama kaina, ya riƙe, sannan ya sake ni.

Mutanen gari kuwa, da yake kowa yana da nasa kason na kunyar ranar, sai suka zaɓi rabin labarin da ya fi sauƙin faɗa. A hankali aka manta da girgiza kai, aka riƙe maganar lasifika. Wannan rabin kuka gada.

Isuhu ya yi jinya wajen mai ɗori, amma yatsun ba su koma daidai ba. Kun san hannun, kun ga yadda yake riƙe fartanya da hagu. Bayan an yi girbi na same shi a kangonsa yana zaune a rana, hannun a naɗe da tsumma. Na yi sallama, matarsa ta amsa, shi bai amsa ba. Na tsuguna na faɗi duk abin da na shirya, na yi kuka, na ce ya yafe mini don Allah. Ya bar ni har na yi shiru.

"Ladan, a garinmu da suka zo, ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ba ka sani ba in ya cuce ka, sai ka ce Allah ya isa ka wuce. Ran nan ban ambace ka ba sai da na ji sanyin ƙarfe a wuyana. Kuma da na ambace ka ban ji tsoro ba, don na san za ka ce e."

Ya gyara tsumman da haƙorinsa.

"Ba zan ce na yafe ba alhali ban yafe ba, kar in zama irinka. Ka tashi ka tafi. Ranar da zuciyata ta sauko zan aiko a gaya maka. Kada ka sake zuwa tambaya."

Ban sake zuwa ba. Shi ma bai aiko ba tukuna. Likita ya ce in rage tunani, amma duk sallamar da aka yi a ƙofar gidan nan sai na tashi zaune in kasa kunne, in ji ko daga gidan Isuhu ne.